Man Ƙamshin Tsirrai: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Bakin Kanta

Da zarar sanyi ya kankama a Jos, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, tambayoyin da ake kawo mini shagon magani sai su koma iri ɗaya. Wannan ta zo da 'yar kwalba mai ruwan ƙasa da ta saya a Taminus, wancan ya nuno mini hoton wadda aka tallata masa a WhatsApp, kowa na so ya ji ko a sha, ko a shafa, ko a ɗiga a ruwan sirace. Harhaɗa magunguna na karanta, kuma ina son mayukan nan, don ko a gidana akwai na na'a-na'a da na kanumfari. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsar da nake bayarwa.

Malam, shi wannan man ƙamshin, mai ne kamar man gyaɗa?

Suna ne kawai ya haɗa su. Man gyaɗa da man riɗi da man kaɗanya da man zaitun duk dangin kitse ne, ƙwayoyinsu manya ne masu nauyi, ba sa bin iska. Na man ƙamshi ƙanana ne marasa nauyi, da an buɗe kwalba sun fara tashi, shi ya sa hanci ke jin su. Ɗiga man gyaɗa a farar takarda, gobe ma tabon maiƙo na nan. Ɗiga na na'a-na'a tsantsa, kafin la'asar ya bushe ya tafi.

Idan kana so ka gan shi da idonka, tsaya gun mai lemo a Farin Gada ka kalli lokacin da yake feraye ɓawo. Wannan ɗan feshin da ke tashi daga bakin wuƙa, wanda ke sa yaji idan ya shiga ido, shi ne man. Tsiro yana ajiye shi a 'yan ƙananan jakunkuna a ɓawo ko ganye ko fure ko saiwa, don ya kori ƙwari, ya hana ruɓewa, ko ya jawo zuma.

Yaya ake fitar da shi?

Akasari da tururi. Ranar da na fara gani muna ɗalibai, mun yanko ganyen itacen turare, wanda mutanen Jos da yawa ke kira rastata, muka cusa shi a tulun gilashi da ruwa muka ɗora a wuta. Tururi ya ɗauki man ya bi da shi ta bututun da ruwan sanyi ke zagayawa, ya koma ruwa fari-fari kamar an tsarma madara. Bayan awa uku sai ga wani siririn layi mai ruwan ɗorawa yana yawo a sama. Ganye cike da roba, abin da muka samu bai cika ƙaramin cokali ba. Tun daga ranar na daina yi wa 'yar kwalba kallon raini.

Ganyen turare yakan ba da kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa. Kanumfari mai alheri ne, yana kai kashi 15 har ya wuce. Furen wardi kuwa sai an tara tan 3 zuwa 4 kafin a sami kilo ɗaya. Na lemo ba a dafa shi, matse ɓawon ake yi. Sana'ar ba ta yau ba ce: tun ƙarni na 9 Alkindi ya yi rubutu a Bagadaza kan tace turare da tururi. Kiran abin da sunan magani da ƙamshi kuwa daga baya ya zo, a 1937, daga wani masanin sinadarai Bafaranshe mai suna Gattefossé.

To me ke cikinsa?

Kwalba ɗaya takan ƙunshi sinadarai gommai, wani lokaci fiye da 100, amma biyu ko uku ne ke jan ragama. Mafi yawansu 'yan gida ɗaya ne da ake kira tafin. Tsiro yana gina su ne da wani tubali mai ƙwayar kabon 5. Ya haɗa tubali biyu ya sami mai kabon 10, mara nauyi, mai saurin tashi. Ya haɗa uku ya sami mai kabon 15, mai nauyi, mai daɗewa a tufa. Wannan ne dalilin da ƙamshin lemo ke gushewa kafin ka kai bakin titi, na sandal da na udu kuwa su kwana a babbar riga har mako.

A masu kabon 10 akwai limonin, wanda ya fi kashi 90 na man ɓawon lemon zaƙi. Akwai mentol na na'a-na'a mai yaji, da siniyol na ganyen turare, da sitiral na ciyawar shayi mai ƙamshin lemo, da timol, da linalul na wani fure mai ƙamshi da ake kira labanda, da kafur. A masu kabon 15 akwai zinjibarin na citta da santalol na sandal. Sai wani gida na biyu, ƙarami amma mai zafin gaske: yujinol, wanda shi ne kashi 70 zuwa 90 na man kanumfari, da sinamaldehaid na kirfa.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yadda ɗan bambanci ke sauya komai. Akwai wani sinadari mai suna karvon, yana da siffa biyu masu kama da hannun dama da na hagu: kayan gini ɗaya, adadi ɗaya, tsari ne kawai ya juya. Ɗaya yana ƙamshin na'a-na'ar shayi, ɗayan kuma yana ƙamshin wani iri da Turawa ke barbaɗawa a burodi. Hancin ɗan Adam yana raba su ba tare da wata na'ura ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya tsara haka.

Me ya sa ɗaɗɗoyar gidanmu da ta maƙwabta ba sa ƙamshi ɗaya?

Saboda tsiro ɗaya yana iya zama da jini daban-daban. Wata ɗaɗɗoyar timol ya fi yawa a cikinta, wata yujinol, shi ya sa za ka ji wata tana ɗan ƙamshin kanumfari. Ƙasa da ruwa da lokacin yanka ma suna da tasiri. Itacen turare haka yake. Daga Ostareliya aka kawo shi, aka dasa shi da yawa a filayen da haƙar kuza ta lalata a Filato, kuma nau'insa ɗaruruwa ne. Wanda kamfanonin magani suka fi nema siniyol ɗinsa ya kai kashi 70 ko fiye. Wani kuma da ka murza ganyensa lemo za ka ji, domin sitironelal ne ya cika shi. Kwalbar da aka rubuta wa "man turare" kawai ba ta faɗa maka wanne ne a ciki ba.

Da gaske ne ƙamshi yana kwantar da hankali?

Akwai gaskiya a ciki, amma ba kamar yadda masu talla ke zuzutawa ba. A can saman hanci muna da masu karɓar saƙon ƙamshi iri kusan 400. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano danginsu a 1991, suka sami kyautar Nobel a 2004. Saƙon yana isa kai tsaye ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da tuna baya da motsin rai. Shi ya sa turaren wuta irin na ɗakin kakarka zai iya sa ka hawaye bayan shekara talatin. Wanda ƙamshin labanda ya taimaka masa ya yi barci, madalla. A Jamus har akwai ƙwayar man labanda mai miligiram 80 da aka gwada aka amince da ita don damuwa mara tsanani. Amma wanda ya yi makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, yana ƙin shiga mutane, likita yake buƙata.

Idan na yi sirace da shi ina jin hancina ya buɗe. Ba warkewa ke nan ba?

Mentol yana taɓa jijiyar da ke jin sanyi ne, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka iska mai sanyi tana shiga da yawa. An gano wannan mai karɓar saƙon a 2002, kuma David Julius da Ardem Patapoutian sun sami Nobel a 2021 kan binciken yadda jiki ke jin zafi da sanyi da taɓawa. Da aka auna iskar da ke wucewa ta hanci bayan shaƙar mentol, an tarar ba ta ƙaru ba. Sauƙin da kake ji na gaske ne, kuma wanda mura ta hana barci a sanyin Rikkos ya san darajarsa, sai dai ba ya kashe ƙwayar mura.

Babban mutum ɗigo 2 ko 3 a kwanon ruwan zafi ya ishe shi, ido a rufe. Mai asma ya yi hattara, ƙamshi mai ƙarfi yana iya tayar masa da ita. Yara kuwa ba na yarda a lulluɓe su da bargo a kan tafasasshen ruwa. Ƙunar da na gani daga kifewar kwano ta fi murar da ake gudu muni nesa ba kusa ba.

An ce yana kashe ƙwayoyin cuta har ya fi na asibiti.

Rabin farko gaskiya ne, rabi na biyu ba haka ba ne. Timol da yujinol da sinamaldehaid suna narkewa a cikin maiƙo, kuma tantanin da ya lulluɓe ƙwayar cuta da maiƙo aka yi shi. Sai su kutsa su huda shi, abin da ke ciki ya tsiyaye, ƙwayar ta mutu. A faranti a ɗakin gwaji abin gwanin ban sha'awa ne. Matsalar ita ce su ba su san na gida da baƙo ba. Tantanin ƙwayoyin jikinka ma da maiƙo aka yi shi, kuma hanta tana gaggawar sarrafa su ta fitar. Kafin ka sha adadin da zai kashe taifod a jini, ka riga ka illata cikinka da hantarka.

Inda suke aiki shi ne inda za su taɓa wurin kai tsaye. Ruwan kurkure baki na Listerine timol da siniyol da mentol da metil-salisilet ne ƙashin bayansa. Man wani itacen Ostareliya da ake kira titiri, a kashi 5 cikin 100, an gwada shi kan ƙurajen fuska a 1990, ya yi aiki, ko da yake a hankali. Man na'a-na'a da aka zuba a ƙwaya mai rufi na musamman, wadda ba ta narkewa sai ta wuce tumbi, yana sassauta murɗar hanji ga masu yawan kumburi da ciwon ciki. Waɗannan duk an auna su, an san adadinsu.

Man kanumfari fa, ga ciwon haƙori?

Yana kashe zafi na ɗan lokaci, domin yujinol yana hana jijiya aika saƙon ciwo. Likitocin haƙori sun daɗe suna kwaɓa shi da garin zinki su cike rami na wucin gadi, shi ne ma wannan warin da ke tarbar ka a ɗakinsu. A gida, ɗigo ɗaya a cokalin man zaitun, a tsoma ɗan auduga a sa a ramin kawai. Wani bawan Allah ya taɓa shigowa da dasashinsa ya yi fari fat ya saɓule, ya jiƙa auduga da tsantsar man ya kwana da ita a baki. Zafin haƙorin ya tafi, amma kwana biyar bai iya cin tuwo ba, kuma ramin na nan yana jiran likita.

Man habbatus-sauda da na darbejiya suna cikin wannan layin?

A'a. Matse su ake yi daga 'ya'ya, dangin man gyaɗa ne. Na habbatus-sauda yana ɗauke da ɗan kaso na mai ƙamshi, a ciki ne ake samun sinadarinsa mai suna timokwinon.

Na ji ana cewa man lubban yana maganin daji.

Wannan maganar tana ƙona mini rai, domin waɗanda ake faɗa wa mutane ne da suke cikin tsananin buƙata. Sinadarin da masana ke bincike a kansa a ƙaron lubban, da na ɗan'uwansa hano da muke da shi a dazukanmu, wani asid ne mai nauyi mai kabon 30 ko fiye. Nauyinsa bai barin tururi ya ɗauke shi, don haka a tukunya ake baro shi, ba ya shiga kwalbar. Haka citta take. Yajinta daga jinjarol yake, shi ma ba ya bin tururi, shi ya sa man cittar Kachia yana da ƙamshi amma ba ya da yajin da ka sani a shayi. Duk wanda ya ce ka ajiye maganin asibiti ka kama man lubban, cutar ka zai yi.

Tunda daga tsiro yake, me zai hana in ɗiga a ruwa in sha?

Kanumfari biyar a shayi abinci ne. Cokalin man kanumfari kuwa abin da aka tatso daga ɗaruruwan kanumfari ne. An rubuta labarin ƙananan yara da suka sha mililita 5 zuwa 10 hantarsu ta tsaya. Man turare mililita kaɗan yana iya sa yaro magagi da jijjiga. Akwai wani mai suna wintagirin, kusan gaba ɗayansa metil-salisilet ne, ɗan'uwan asfirin: cokalin shayi ɗaya daidai yake da giram 7 na asfirin, wato ƙwaya 20 da wani abu ta manya. Shi ne ke ba man zafi wannan ƙamshin da aka sani, kuma mai shan maganin tsinka jini irin wafarin ko shafa shi da yawa bai kamata ya yi ba.

Sannan mai ba ya haɗuwa da ruwa. Ɗigon yana nan a sama yadda yake, tsantsarsa zai taɓa maƙogwaro.

Yaya, jaririna yana mura. In shafa masa man zafi a hanci?

Don Allah kada ki yi. Mentol da kafur da siniyol kusa da hancin jariri suna iya tauye masa numfashi, kafur kuma yana sa jijjiga. Yaron da bai kai shekara 2 ba, a nisanta su da fuskarsa da ƙirjinsa. Ɗigon ruwan gishiri na hanci da muke sayarwa, da shayarwa akai-akai, sun fi masa.

Bari in ƙara da abin da ba ki tambaya ba, don shi ya fi damuna. Fararen ƙwallayen nan da muke kira kafur, da ake jefawa a akwatin kayan jarirai, galibinsu ba kafur ba ne, naftalin ne da ake samu daga kwalta da ɗanyen mai. Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifar su da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD. Irin wannan jariri idan aka sa masa rigar da ta sha naftalin, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Likitocin yara sun daɗe suna gargaɗi kan wannan, da kuma hoda mai mentol da ake barbaɗawa a cibiya. A wanke kayan a shanya a rana. Idan idon jariri ya yi ɗorawa, a kai shi asibiti a ranar.

Nawa zan zuba idan zan shafa?

Ɗigo 1 zuwa 2 a cokalin shayi na man kwakwa ko narkakken man kaɗanya, wato kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Kanumfari da ciyawar lemo a rage ƙasa da haka, kirfa kuwa gara a bar ta a kicin. A gwada a cikin gwiwar hannu a jira kwana ɗaya. Man ɓawon lemon tsami da na wani irin lemo mai suna bagamot da aka matse suna da wani sinadari da idan rana ta buge shi a fata yake ƙona ta ya bar baƙin tabo na watanni. Jos tana sama da mita 1,200, ranarta tana da kaifi ko da garin da sanyi. Masu haɗa man gyaran fata su kula da wannan.

Mai ciki fa? Da masu matsi da shi?

Mai ciki kada ta sha ko ɗaya, shafawa ma ta tambayi ungozomar asibiti. Matsi da man kanumfari ko na na'a-na'a kuwa, Hajiya, wurin fatarsa ta fi ta baki laushi. Yana ƙona shi, yana kashe ƙwayoyin kirki masu tsare shi, sai ƙaiƙayin da ake gudu ya dawo da ƙarfinsa.

Zai kore mini sauro?

Zai kore, amma ba zai kai ka asuba ba, domin saurin tashin da ke ba shi ƙamshi shi ne ke ƙarar da shi. A wani gwaji da aka buga a 2002, mayukan sitironela, wata ciyawa mai ƙamshin lemo, ba su kai minti 20 suna karewa ba, alhali mai ɗauke da kusan kashi 24 na DEET, sinadarin korar sauro na masana'anta, ya kai awa 5. Wanda ya yi fice a na tsirrai shi ne PMD, da ake sarrafawa daga itacen turare mai ƙamshin lemo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa shi cikin waɗanda ta yarda da su, ban da yaran da ba su kai shekara 3 ba. Gidan sauro dai yana nan a matsayinsa.

Yaya zan gane na jabu?

Duba kwalba: gilashi mai duhu, da sunan tsiron na Latin, da ƙasar da aka yi shi, da ranar lalacewa. Idan an ce magani ne, nemi lambar NAFDAC. Idan ka ga na wardi da na lemo kuɗi ɗaya, ka tuna tan ukun nan na fure. Mafi yawan man turaren da ake aunawa a sirinji a kasuwa haɗin masana'anta ne da aka tsarma, kuma ba laifi a fesa shi a riga ko a haɗa humra, amma ba na sirace ba ne. Gwajin takarda yana tona wanda aka ƙara wa man girki, ba ya tona sauran. Wannan sai na'urar ɗakin gwaji mai rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya.

Na gaskiyar ma yana tsufa. Iska da haske suna juya limonin da linalul su koma abin da ke sa borin fata. A rufe da kyau, a ajiye a inuwa, na lemo kada ya wuce shekara bayan buɗewa. Masu kyanwa da masu kiwon tsuntsaye su sani hantar kyanwa ba ta iya sarrafa yawancin sinadaran nan, huhun tsuntsu kuma ba ya jure su.

Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, me zan yi?

Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai. Idan man ya dawo ya faɗa huhu, ya fi zamansa a ciki haɗari. A goge masa baki, a cire rigar da ta jiƙe, a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa na yara, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ko asibitin da ya fi kusa, ko da yana wasa lafiya lau, domin na kanumfari da na wintagirin sukan ɗauki awoyi kafin su nuna. Idan ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15. A riƙo kwalbar a tafi da ita, likita zai so ya karanta abin da ke jikinta ya ga nawa ya ragu.